Siya Kolisi: Yaron da Aka Hango da Wuri

Jama'a masu saurarenmu, na cikin garin Dakoro da na ƙauyuka, daga Kornaka har Birnin Lalle, da ku makiyaya da kuka rataya rediyo a kafaɗa can cikin Tarka, sharhinmu na yau a kan wani wasa ne da yawancinmu ba mu taɓa gani ido da ido ba, wato ƙwallon zari-ruga. Kada ku murɗa akwatin tukuna. Duk wanda ya taɓa tsayawa a da'irar kokowa ya riga ya san rabin wannan wasa.

Ƙwallon siffar ƙwai gare shi. Kowane ɓangare mutum 15, ana yin minti 80. Ka zara ka ruga, kamar yadda sunan ya faɗa, in kuma za ka jefa wa ɗan'uwanka da hannu, ba a jefawa gaba. Wanda ya dangwala ƙwallon bayan layin abokan hamayya ya samo maki 5. Akwai lokacin da ƙarti takwas-takwas ke sunkuyawa su haɗa kafaɗu, su yi ta turereniya kamar bijimai a bakin rijiya. Sauran aikin kuwa kamu ne da kaye. A wurinmu kaye shi ne ƙarshen magana: gwiwa ta taɓa ƙasa, makaɗi ya sauya kiɗa, an ɗaga gwani sama. A zari-ruga, a kayar da kai ka miƙe, ka kayar da wani ya miƙe, haka har alƙalin wasa ya busa.

Mutumin da zan ba ku labarinsa sunansa Siya Kolisi, ɗan Afirka ta Kudu, ɗan ƙabilar Kosa. An haife shi ranar 16 ga watan Yuni na 1991 a Zwide, unguwar baƙar fata da ke gefen birnin Port Elizabeth, wanda yanzu ake kira Gqeberha. Washegarin haihuwarsa ne majalisar ƙasar ta soke dokar da ke rarraba jama'a bisa launin fata. To amma soke doka a takarda ba ya ɗora tukunya a murhu. Uwarsa yarinya ce da ba ta kai shekara 20 ba, ubansa bai gama makaranta ba, sai kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi. Shi da bakinsa ya sha faɗin cewa akwai dararen da ruwan sukari kaɗai yake sha ya kwanta, kuma abin wasansa bulo ne, yana tura shi cikin ƙasa a matsayin mota. Wane ne a cikinmu bai san wannan bulon ba? Mu da kara da gwangwani muka ƙera namu. Yana ɗan shekara 15 uwarsa ta rasu.

A filin unguwa ya fara wasa, a wata ƙungiya mai suna African Bombers. Nan wani malamin makaranta, Eric Songwiqi, ya sa masa ido, ya jawo shi kusa. Yana da shekara 12 aka kai su wata gasar yara a Mossel Bay, masu neman 'yan wasa suka gan shi, aka ba shi gurbin karatu kyauta a makarantar Grey, ɗaya daga cikin manyan makarantun birnin. Gari ɗaya ne da Zwide, amma kamar an haye da shi wata duniya. Ga gado nasa shi kaɗai, ga abinci sau uku, ga fili mai ciyawa. Turancin ma da ƙyar yake haɗa shi a farko.

A nan nake so mu ɗan tsaya, don a nan ne masu ba da labarin suka fi yin gaggawa. Sukan ce yaro ne mai zuciya, ya jajirce, ya fita daga talauci. Zuciya kam yana da ita, ba musu. Amma a Zwide akwai yara da yawa masu irin zuciyarsa, wasu ma wataƙila sun fi shi gudu. Shi an hango shi ne kafin yunwa ta gama da ƙashinsa, aka kuma sami inda za a kai shi. Jikin da ke tare ƙaton da ya wuce kilo 100 ba da ruwan sukari ake gina shi ba.

A 2007, lokacin da Afirka ta Kudu ta ci kofin duniya a Paris, a wata mashaya ya kalli wasan, don babu talabijin a gidansu. Shekara shida bayan nan, ranar 15 ga Yunin 2013, shi ne a cikin rigar ƙasa. Ya fara daga benci a wasa da Sikotilan, wani ya ji rauni minti kaɗan da farawa, aka ce ya shiga, aka tashi shi ne gwarzon wasan.

Don ku gane nauyin abin da ya biyo baya, sai kun san cewa ƙungiyar ƙasar, Springboks, ta daɗe tana zaman tutar farar fata. Baƙar fata da yawa, saboda haushi, duk ƙasar da ta zo karawa da ita suke mara wa baya. A 1995 Nelson Mandela ya shiga filin Ellis Park sanye da koriyar rigar ƙungiyar mai lamba 6, ya miƙa wa kyaftin Francois Pienaar kofin duniya, alhali a ƙungiyar kaf ɗan wasa ɗaya ne ba farar fata ba, Chester Williams. Sai a 2018 mai horarwa Rassie Erasmus ya ba Kolisi kyaftin, baƙar fata na farko da ya ja ƙungiyar a wasan ƙasa da ƙasa tun da ta fara a 1891. Lambar rigarsa kuwa 6. Wasansa na farko da wannan muƙami a Ellis Park ɗin aka yi, da Ingila. Kafin a ankara an ba su 24 suna da 3, masu jiran ya faɗi har sun fara gyara murya. Aka tashi 42 da 39, nasara tasu.

Daga nan sai kofi. Ranar 2 ga Nuwamban 2019, a Yokohama ta ƙasar Japan, suka lallasa Ingila 32 da 12. Wasansa na 50 ke nan a rigar ƙasa, ubansa na zaune cikin 'yan kallo, kuma wannan ce fitarsa ta farko waje.

Na biyun ya fi ba ni mamaki. A watan Afrilun 2023 jijiyar gwiwarsa ta tsinke, aka yi masa aiki, mutane suka ce ya yi bankwana da gasar kofin duniya ta shekarar. Cikin wata huɗu ya dawo fili. A Faransa suka ci wasanni uku na ƙarshe, kowanne da tazarar maki ɗaya tak: Faransa 29 da 28, Ingila 16 da 15, Niyu Zilan 12 da 11. Kafin shi, kyaftin ɗaya ne ya taɓa ɗaga kofin sau biyu, Richie McCaw na Niyu Zilan.

Kada wannan ya sa ku ɗauka sana'ar tana da kunya. Bayan kofin ya koma ƙungiyar Racing 92 ta Paris, bai cika shekara ba mai ƙungiyar ya fito fili ya ce ya yi ƙiba, ba a ganin aikinsa. Mutumin da ya ɗaga kofin duniya sau biyu ke nan ake tayawa kamar sa a kasuwar dabbobi, a taɓa tozo a duba haƙori. A 2024 ya tattara ya koma gida, ƙungiyar Sharks ta Durban. Shi ma bai ɓoye nasa tuntuɓen ba, ya faɗa cewa giya ta taɓa neman kayar da shi. Gidauniyar da ya kafa a 2020 kuwa, lokacin korona, abinci ta yi ta rabawa a unguwanni irin tasu.

Mu dawo gida. Ba za mu ce ba mu da tsani ba. Tun 1975, da aka fara gasar takobi a Tawa, kokowa ta sami hanya daga dandalin ƙauye zuwa jiha, daga jiha zuwa ƙasa, inda jihohi 8 ke kawo ƙarti goma-goma. Filin kokowar Maraɗi ma sunan gwanin kokowa Kantu yake ɗauke da shi. Sai dai tsanin namu daga sama ya fara. Muna tafa wa ɗan kokowa bayan ya zama ƙato, bayan ya ci da kansa, ya yi jinyar targaɗensa da kansa. Shekarun nan na 12 zuwa 15, da aka tsamo Kolisi a cikinsu, su ne namu yaran ke yi a bayan garke ko a kan amalanke, ba mai tambaya ko sun karya kumallo.

Kaka uku da suka wuce na tsaya kallon kokowar yara a wani ƙauye arewa da nan, bayan an kai hatsi rumbu, a farin wata. Akwai wani siririn yaro da bai wuce shekara 13 ba, wandonsa ɗaure da igiya. Yana shiga ƙarƙashin wanda ya fi shi tsawo, ya kama cinya, sai ka ga ƙafafu a sama. Huɗu ya kayar a jere, ko haki ba ya yi. Wani dattijo ya manna masa dala ashirin a goshi, mushen lakwal ɗin garin ya ce mini yaron ya fi wata biyu bai leƙa aji ba. Bana na koma ƙauyen na tambayi labarinsa. Aka ce tun bayan sallar layya ya bi yayyensa Agadas, wajen haƙar zinariya.