Ku Nemi Shugabar Sashe

'Yan uwana mata, idan ranar ziyara ta zo, yawancinmu da mun sauke kwanon dambu da ƙullin gari, sai mu gaisa da Furinsifal mu kama hanyar gida. To, akwai wadda muke wucewa, alhali karatun 'ya'yanmu a hannunta yake, watau shugabar sashe, ko na Kimiyya, ko na Harsuna, ko na Lissafi.

Ga yadda abin yake. Manhajar sakandare daga hukumar NERDC take fitowa, wadda aka kafa a 1988. Jarrabawar fita kuwa ta WAEC ce, ko kuma ta NECO, wadda ta soma tata a shekarar 2000. Amma manhaja takarda ce kurum, ba ta shiga aji da ƙafarta. Shugabar sashe ce za ta zauna da malamanta su daidaita aikin shekara da zango uku, mako mako. Ita ke duba littafin shirin darasi na kowane malami ta sa hannu, ita ke ba da shawarar wanda za a ba aji shida da wanda za a ba aji huɗu, ita ke tace tambayoyin jarrabawar ƙarshen zango.

A nan ake samun ɓaraka. Sa hannu ba wuya. Malami yana iya kwafo shirin darasin bara, ya sake kwanan wata, a sa masa hannu ranar Litinin. Shugabar ƙwarai ba ta tsayawa nan. Sai ta karɓi littattafan rubutu na yara biyar ko shida, ta gwada da abin da malamin ya ce ya koyar. Wani lokaci ta shiga aji ta zauna a kujerar baya har a kaɗa ƙararrawa. Ba don ta kunyata kowa ba, sai don sabon malami, musamman ɗan hidimar ƙasa, ya sami mai gyara masa tun kuskure bai zauna a kan yara sittin ba.

Na taɓa ganin yarinya mai ƙwazo da ta kai aji shida tana karanta Kemistiri, ba ta taɓa riƙe kwalbar gwaji ba sai ana saura mako biyu jarrabawa. Kayan suna kulle a sito. Ta faɗi, mahaifinta kuwa ya ce karatu ya isa haka. Mun san dai yaro namiji akan sake biya masa kuɗin jarrabawa, mace ba kullum ba.

Saboda haka ni a ganina kuskure ne a ba da wannan muƙami don daɗewa a aiki kaɗai. A ba wadda ta san darasin, kuma take iya gaya wa wanda ya girme ta gaskiya cikin ladabi. Sa'an nan a rage mata darussan da take koyarwa, don wadda aka cika wa mako da shiga aji yaushe za ta leƙa na wani?

Ku kuma malamai mata, ku daina kaucewa idan an miƙo muku, kuna cewa ga hidimar gida, ga goyo. Gaskiya ne aikin da nauyi, kuma galibi ba wani ƙarin kuɗi na a zo a gani. Amma daga nan ake hawa Mataimakiyar Furinsifal, kuma a makarantar 'yammata yarinya ta fi sakin jiki ta gaya wa mace cewa ba ta gane darasi ba.

Iyaye mata, ziyara mai zuwa ku nemi a nuna muku ofishinta. Ko ba ku yi boko ba, kuna iya tambaya: an gama aikin zangon jiya kuwa? Sau nawa yaran suka shiga ɗakin gwaji? Wane darasi ne ba shi da malami, kuma tun yaushe?