Tsohon Soja Bashi Yake Bin Mu

Duk ranar 15 ga Janairu manyan ƙasar nan sukan hallara a Abuja domin tunawa da 'yan mazan jiya. A ajiye furanni, a harba bindiga sama, a saki fararen tattabaru, limami da fasto su yi addu'a. Gwamnoni ma su yi irin nasu a jihohinsu. Makonni kafin ranar an riga an ƙaddamar da bajon tunawa, masu hannu da shuni sun sanar da gudummawarsu ta miliyoyi, an yi musu tafi. Kafin azahar kowa ya kama gabansa, zuciya cike da jin cewa an sauke nauyi, sai kuma baɗi in Allah ya kai mu.

Ni dai ina ganin wannan tunani shi ne ya jefa tsohon soja a halin da yake ciki. Mun ɗauki kula da shi a matsayin alheri, wani abu da mai tausayi ke yi idan ya samu sarari. Sadaka kuwa mai bayarwa ne ke da zaɓi a kanta: ya ba da yau, ya hana gobe, kuma dole mai karɓa ya yi godiya ko nawa aka miƙa masa. Abin da ke tsakanin ƙasa da sojanta yarjejeniya ce. Ta ɗauke shi yana saurayi, ta kai shi Defo a Zariya ta aske masa kai, ta ce daga yau ba shi da ikon cewa a'a idan an tura shi inda ake mutuwa. Shi ya cika nasa ɓangaren. Fansho da giratuti da magani su ne ɓangarenmu, kuma mai bin bashi ba ya roƙo.

Dubi abin da ya faru a Disamba 2024. Tsofaffin sojoji, da yawansu furfura ta cika musu kai, suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya a Abuja, suka hana shiga da fita, suna neman ƙarin fanshon da aka amince da shi amma ba a biya su ba. A farkon Janairu 2025 suka sake komawa, saura 'yan kwanaki a saki tattabaru da sunansu. Mutanen da aka horar a kan bin umarni tun suna samari, ba ƙaramin abu ne zai sa su tare ƙofar gwamnati ba. Kuma ba alfarma suke nema ba. Sashe na 173 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce ba za a riƙe wa ma'aikacin tarayya fanshonsa ba, ya kuma ce a riƙa duba fansho duk shekara biyar ko duk lokacin da aka duba albashin ma'aikata. An janye tallafin mai a Mayu 2023, farashin masara da na magani suka tashi nan take, mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, shi kuwa tsohon kofur sai da ya shimfiɗa tabarma a titi kafin a tuna da shi.

Wannan ɗabi'a gado ce daga Turawan mulkin mallaka. A Yaƙin Duniya na Biyu sun kwashi dubban samarinmu zuwa dazukan Bama, a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, inda Hausa ce harshen da yawancin sojojin Najeriya ke magana da shi. Da aka gama yaƙi aka sallame su da abin da bai taka kara ya karya ba. A Ankara ta ƙasar Gana, ranar 28 ga Fabrairu 1948, tsofaffin sojoji suka yi maci zuwa fadar gwamna don neman haƙƙinsu, aka harbe uku daga cikinsu. Baturen yana da dalilinsa na zalunci, domin ba 'ya'yansa ba ne. Mu mene ne namu? Waɗanda suka yi yaƙin basasa har ya ƙare a 15 ga Janairu 1970, da waɗanda aka tura Laberiya daga 1990 da Saliyo bayanta, da waɗanda suka yi Darfur, da waɗanda ke fama da Boko Haram tun 2009, duk 'ya'yanmu ne.

Na san amsar da ake bayarwa a majalisar dare da teburin mai shayi. Wani zai ce, "Soja kuma? Ai su suka cinye ƙasar nan. Shekara nawa suka yi suna mulki?" Gaskiya ne sojoji sun riƙe Najeriya daga 1966 zuwa 1979, sannan daga ƙarshen 1983 zuwa 1999. Amma wa ya yi mulkin? Janar-janar ne da kanar-kanar. Kurtun da ya tsaya gadi a ƙofarsu cikin ruwa da sanyin hunturu bai samu fili a Maitama ba. Har yau ma bambancin na nan. A farkon 2025 jaridu suka ruwaito sabon tsarin ritayar manyan hafsoshi: mota mai sulke ga shugabannin rundunoni, masu yi musu hidima a gida, da kuɗin magani har dala 20,000 a shekara ga wasu janar-janar. Ba na jayayya da a kula da janar. Abin da nake cewa shi ne, ƙasar da ta iya wannan ba ta da bakin cewa babu kuɗin sayen ƙafar roba ga sajen da nakiya ta tashi da shi a hanyar Damboa.

Wani kuma zai ce sojoji sun zalunci farar hula, ya ambaci Zariya a Disamba 2015 ko Tudun Biri a Disamba 2023. Wannan ƙorafi ne na gaskiya, kuma jinin waɗanda aka kashe ba zai faɗi banza ba. Sai dai wurin wannan magana kotu ne. A binciki wanda ya ba da umarni, a hukunta shi da sunansa. Barin dubban gurgunta da zawarawa cikin yunwa ba zai dawo wa kowa da ɗansa ba.

Batun lafiya shi ya fi ci mini rai. A takarda akwai tsari: akwai Hukumar Fanshon Soja, akwai kamfanin inshorar lafiya na sojoji da ake kira DHML, akwai manyan asibitoci irin su 44 a Kaduna da 68 a Yaba ta Legas. Amma tsohon soja ba a bariki yake zaune ba. Ya koma ƙauyensu a Zuru ko Biu ko Langtang. Kuɗin motar zuwa Kaduna da dawowa zai iya cinye rabin fanshonsa na wata, idan ya je kuma a rubuta masa magani ya fita waje ya saya. Ƙafar roba ba abu ne da ake bayarwa sau ɗaya a ɗauki hoto a gama ba. Dungulmin yana ramewa, yana canja siffa, robar ta fara gogar fata har ta yi gyambo, bayan 'yan shekaru dole a sake wata. Idan babu, sai ya jingine ta a bango ya koma kan sanda. Shiga kowane banki ko gidan mai kuɗi ka duba wanda ke buɗe ƙofa: sau da yawa dattijo ne cikin kakin 'yan mazan jiya da ya koɗe, ƙafafunsa a kumbure saboda hawan jini, yana ƙame wa yaron da bai kai jikansa ba domin ya samu na cefane.

Akwai kuma ciwon da ido ba ya gani. Mutum ya yi shekaru a filin daga ba a canja shi ba, ya kwashi gawar abokinsa guntu-guntu ya zuba a bargo, sannan a sallame shi ya koma gida kamar wanda ya dawo daga kasuwa. Da dare ba ya barci. Ƙarar tayar da ta fashe ta sa ya kwanta ƙasa. Abu kaɗan ya hau matarsa da 'ya'yansa da faɗa, daga baya ya zauna yana kuka shi kaɗai. Wasu su faɗa shan ƙwaya don su samu runtsawa. Mu kuma a unguwa sai mu ce, "Ka san tsohon soja, ba ya rasa 'yar taɓuwa," yara su riƙa tsokanarsa. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan ciwo, yana da suna, yana da magani. Muna da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware, an kuma sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023. Abin da babu shi ne hanyar da za ta ɗauki sojan da ya fito daga dajin Sambisa ta kai shi gaban likita kafin gidansa ya watse. A yanzu matarsa ce likitarsa, ita ce ke ɓoye wuƙaƙen gida da dare, kuma babu mai tambayarta yaya take.

Wanda tausayi bai motsa shi ba, to ya yi tunanin kansa. Yaron da ke tsaye yau da bindiga a dajin Zamfara ko bakin Tafkin Chadi yana da waya a aljihu. Yana ganin hoton magabatansa kwance a ƙofar ma'aikata. Yana jin labarin matar abokinsa da ta yi shekara tana yawo da takardu daga ofis zuwa ofis tana neman haƙƙin mijinta. Da wace zuciya muke so ya tunkari harsashi?

Abin da ya kamata a yi ba ɓoyayye ba ne. Fansho ya riƙa shiga a kan lokaci, ƙarin da doka ta tanada ya bi shi ba sai an yi zanga-zanga ba. Katin lafiyar tsohon soja ya yi aiki a babban asibitin ƙaramar hukumarsa, ya haɗa da ƙafar roba da sauya ta, da ganin likitan ƙwaƙwalwa, shi da iyalinsa. Duk sojan da ya fito daga filin daga a duba kansa kamar yadda ake duba jininsa. Kuɗin da ake tarawa a bikin bajo kuwa, tunda da sunan zawarawa da marayu ake tara shi, a buga lissafinsa a fili kowace shekara: nawa aka yi alkawari, nawa ya shigo, su wa suka karɓa, a wace jiha. 'Yan majalisar da ke kwamitocin tsaro suna da ikon neman wannan lissafi, 'yan jarida ma suna da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 a hannunsu. A nema kafin Janairu mai zuwa.