Kwanakin Wa Ake Ƙirgawa?

Jama'a, 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, ku matso mu yi lissafi.

A zamanin nan 'yan kwangila da injiniyoyi suna tsara manyan ayyuka da kwamfuta, da manhaja irin su Microsoft Project. Ƙa'idarta ba wuya. Abu uku take aunawa, watau yawan aiki, da yawan hannuwa, da yawan kwanaki. Gonar da mutum ɗaya zai nome cikin kwana 12, in aka yi gayyar mutum 4, kwana 3 an gama. Wannan ko mai sayar da daddawa a kasuwar Talata Mafara ta san shi.

Amma fa akwai abin da gayya ba ta rage masa kwana. Ko mutum dubu ka tara, gero ba ya nuna sai lokacinsa ya yi, damina kuma ba ta jiran ɗan kwangila. Ita ma manhajar tana da wurin da za a rubuta cewa kwanakin aiki kaza ba a taɓa su. To, wa yake rubutawa? Kwanakin wa yake ƙirgawa?

Iyayenmu na Faru da Maradun da Bakura da Mafara sun ga amsa da idonsu. Daga 1974 zuwa 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato. Ba a yi wannan manhaja ba tukuna, amma lissafin ɗaya ne. Katafila tana da ranarta, siminti yana da ranarsa, manomi kaɗai ba shi da rana. Ruwa ya ci garuruwa da gonaki. Aka hana mutane shuka ana daidaita ƙasa, damina ta bi damina, diyya kuwa sai gobe sai jibi. Da manoma suka tare hanyoyi suna neman hakkinsu, a watan Afrilu 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta a Birnin Tudu, aka yi asarar rayuka masu yawa.

Mu ba ma ƙin aikin raya ƙasa, kuma ba mu da faɗa da kwamfuta. Abin da aka zuba mata shi take dafawa. Abin da muke nema uku ne. Kowane aikin da zai taɓa gona, a liƙa tsarinsa da Hausa a kasuwa, da ranar farawa da ranar gamawa. A sa shuka da girbi cikin kwanakin da ba a taɓawa. A biya diyya kafin katafila ta shiga, in kuma aiki ya makara har damina ta wuce, wanda ya makara shi zai biya amfanin shekarar.

Ɗan kwangila in ya yi latti, sai ya nemi ƙarin wa'adi. Talaka in ya yi latti, wa zai ƙara masa damina? Ku yi wannan tambaya a kowace rumfa, har mahukunta su amsa.