Tubali: Garin da ya haifi Narambaɗa bai kamata a san shi da labarin 'yan bindiga kaɗai ba

A yau da wuya a ambaci Shinkafi, Zurmi ko Ƙaura Namoda a labarai ba tare da batun hari ko garkuwa da mutane ba. Amma a wannan yanki ne, a garin Tubali na ƙasar Shinkafi, aka haifi Ibrahim Narambaɗa, wanda manazarta ke sakawa a sahun gaba na masu tsara waƙar Hausa.

Narambaɗa bai wallafa littafi ba, amma marubuta da yawa a waƙoƙinsa suka koyi zaɓen kalma da jera ta. Wannan fasaha kuwa a gida ya tsotse ta.

Kamar yadda masu binciken tarihinsa suka nuna, mahaifinsa Maidangwale ya fito ne daga Filinge ta ƙasar Nijar, mahaifiyarsa kuma mutuniyar Badarawa ce, kuma ta wajenta ya gaji kiɗa. Ya fara da kiɗan noma, yana zuga manoma a gayya, kafin ya ɗauki kotso ya shiga fada, inda ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa, Amadu Bawa.

Duk wanda ya saurare shi da kunnen basira zai ji wannan asali. Yadda yake zuga sarki bai rabu da yadda ake zuga manomi ba. Sha'awarsa ga doki ta fito fili a "Dokin Iska Ɗanhilinge". Ko a "Bakandamiya", wadda ya ɗauka a matsayin gagarabadan waƙoƙinsa, bai sauya harshe don ya burge mutanen birni ba. Da Hausar yankinsa ya yi ta, haka kuma ta karɓu har Kano da Zariya.

Nan ne darasin yake ga matasan da ke rubutu da waya a yau. Aro ba laifi ba ne. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga littattafan Larabawa da na Turawa a Magana Jari Ce, amma ya sa musu rigar Hausa. Wanda bai san na gida ba kuwa, ko ya aro, ba shi da inda zai zuba.

Abin damuwa shi ne, ma'ajiyar wannan ilimi tana watsewa. Narambaɗa ya rasu fiye da shekara 60 da suka wuce. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya rubuta littafi a kansa, ana kuma jin waƙoƙinsa a rediyo da intanet. Sai dai ma'anar wasu kalmomi, da labarin mutanen da ya ambata, suna bakin dattawan ƙauyuka ne, kuma da dama daga cikinsu rashin tsaro ya raba su da gidajensu.

Ya kamata gwamnatin Zamfara, da Jami'ar Tarayya ta Gusau, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda su tura ɗalibai su naɗi muryoyin waɗannan dattawa a inda suka samu mafaka. Masarautun Shinkafi da Isa su taimaka da tattara tsofaffin kaset-kaset da ke hannun jama'a. Aikin bai fi ƙarfin wayar hannu da kuɗin mota ba, kuma dattawan ba za su jira sai tsaro ya dawo ba.