FILIN NA'URA: Ɗan Gem Da Mai Sauke Fim, Wace Intanet Ce Ta Dace Da Gida?

A da, in sabon fim ya fito, Bata ko Ƙofar Wambai ake nufa a sayo kaset, ko kuma a je shagon haya na unguwa a ajiye 'yan kuɗi a karɓo. Daga baya faifan sidi ya kori kaset, shi ma 'yan tura fim a waya suka kore shi. Yanzu kuwa kasuwar ta koma intanet. Tun daga 2020, lokacin da Izzar So da Labarina suka kama zukatan jama'a, masu sha'awar finafinan Hausa suka koma zaman jiran ranar da za a saki sabon kashi a YouTube. Ga kuma manhajojin biya irin su Northflix, wadda ta fara aiki a 2019, da ta tashar Arewa24.

A gefe guda, samarin da suka taso a gidajen gem na unguwa sun daina gamsuwa da buga ƙwallo da wanda ke zaune kusa da su a benci. So suke su kara da wani a Kaduna, ko Yamai, ko ma Turai, a eFootball ko EA Sports FC, wanda kafin 2023 aka sani da FIFA. Wasu kuma suna can cikin Call of Duty da Free Fire da PUBG.

To, duk wannan data yake ci, datar kuma ta yi tsada. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Shi ya sa gidaje da yawa suka fara tunanin haɗa kuɗi a sayi rawuta ɗaya kowa ya jona. Shawara ce mai kyau, amma a nan ne ake tafka asara, domin yawanci lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin talla ake bi. Alhali buƙatar mai sauke fim daban, ta ɗan gem daban.

Lissafin da talla ba ya yi

Abu na farko, gudun intanet da megabit ake auna shi, girman fim kuma da megabait. Sunayen sun yi kama, amma megabit 8 ne suke yin megabait 1. Saboda haka in kamfani ya ce layinsa na gudun megabit 20, abin da ke sauka a daƙiƙa guda megabait biyu da rabi ne kawai. Fim mai gigabait 1 zai ɗauki kusan minti 7. Gem mai gigabait 50 kuwa, irin manyan nan na PlayStation, zai cinye wajen awa biyar da rabi. Wannan ma in gudun bai ragu ba ke nan.

Na biyu, kallon fim ba ya buƙatar gudun da ake zuzutawa. YouTube da kanta ta ce megabit biyu da rabi ya isa kallon hoto mai lamba 720, megabit 5 kuma ya isa 1080. Ashe gidan da mutum uku ke kallo a lokaci ɗaya, megabit 15 zuwa 20 ya ishe su, muddin ya tsaya da ƙafarsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne yawan datar. Awa ɗaya ta kallo a 720 tana iya cin kusan gigabait 1, a 1080 kuma ta kai 2. Netflix ma ta ce hotonta mai kyau yana iya shan gigabait 3 a awa. A ɗauka a gida ana kallon awa biyu kullum a 720: gigabait 60 ke nan a wata, ba a sa TikTok ɗin ƙanne ba, ba a sa fassarar Indiya da Hajiya ke bi ba, ba a sa gem ba. Duk wanda ya sayi gigabait 30 ya ce zai kai shi ƙarshen wata a irin wannan gida, to ya shirya jin "wa ya shanye datar?" tun kafin sati biyu.

"Marar iyaka" mai iyaka

Da jin haka sai mutum ya ce ai shi ke nan, a sayi marar iyaka a huta. A yi hattara! Yawancin tsare-tsaren da ake kira haka suna da wata ƙa'ida da ake rubutawa da ƙananan baƙaƙe a ƙasa. In aka sha wani adadi na gigabait, ba za a yanke layin ba, amma za a shaƙe gudun. Gem ɗin nan da ke sauka a awa biyar da rabi a megabit 20, in aka mayar da mutum megabit 2, sai ya haura kwana biyu yana jira. Don haka tambayoyi biyu ne wajibi a yi wa mai sayarwa: bayan gigabait nawa ake rage gudun, kuma zuwa nawa ake rage shi? In ya fara kame-kame, a duba shafin kamfanin kafin a zaro ko sisi.

Ɗan gem, ba gudu ne matsalarsa ba

Buga gem da wani ta intanet ba ya cin data sosai, bai ko kama ƙafar kallon fim ba. Sauke gem ɗin da sabunta shi ne ke cinye gigabait. Abin da ke sa ɗan gem ya yi jifa da fad shi ne jinkirin amsa, wanda su suke kira fing. Wato lokacin da saƙo ke ɗauka daga hannunsa ya je babbar kwamfutar kamfanin gem ya dawo, ana kuma auna shi da milisakan, kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ƙasa da 50 lafiya lau ne. Wajen 100 ana lallaɓawa. In ya wuce 150, sai mutum ya danna a buga ƙwallo, kafin ɗan wasansa ya ɗaga ƙafa an riga an ƙwace.

Wani ɓangare na wannan jinkiri kuɗi ba ya maganinsa, domin nisa ne. Saƙo a cikin wayar fiba yana tafiyar kimanin kilomita 200 a milisakan ɗaya. Daga Kano zuwa Legas, inda manyan wayoyin teku suke fitowa, wajen kilomita 1,000 ne, zuwa da dawowa milisakan 10 ke nan. Wayar MainOne, wadda ta fara aiki a 2010, tana da tsawon kilomita 7,000 daga Legas zuwa Fotugal, ga wasu milisakan 70. Ashe in kwamfutar gem ɗin tana Turai, ɗan Kano ba zai ga ƙasa da 80 ba ta wannan hanya, ko da layin megabit 100 ya saya. Abin da zai nema shi ne layin da ba ya ƙara masa wani jinkirin a kai, wanda kuma fing ɗinsa ba ya tsalle-tsalle. Gara 100 tsayayye da wanda yanzu yana 70, an jima ya haura 300.

Hanyoyi uku da ke kasuwa

Ta farko ita ce fiba, wayar da ake jawowa har cikin gida. Ita ce ta fi tsayuwa, ita ce kuma ɗan gem zai fi jin daɗinta. Matsalarta, ba kowace unguwa ta kai ba, sai an tambaya ko ta biyo ta layin gidan. Masu aikin titi da magudanar ruwa kuma kan tsinke ta, don haka a tambayi maƙwabta masu ita kwana nawa ake ɗauka kafin a zo gyara.

Ta biyu ita ce rawuta mai layin waya, 4G ko 5G. Ita ta fi sauƙin samu da sauƙin kuɗi, ana kuma iya ɗaukarta in za a tashi daga gidan haya. MTN ya buɗe 5G a 2022, Kano da Maiduguri na cikin garuruwan farko, Airtel ya biyo baya a 2023. Amma kasancewar 5G a gari ba ya nufin tana unguwar kowa. Sannan ƙarfen sabis ɗaya jama'a da yawa ne ke rabawa, shi ya sa layin da ke tashi kamar jirgi da asuba yake komawa tafiyar hawainiya bayan sallar isha'i, daidai lokacin da ake son kallo da gem.

Ta uku ita ce Starlink, mai aiki da tauraron ɗan'adam. Ta shigo Nijeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka. Taurarinta suna yawo ne a nisan kilomita 550 ko kusa da haka, ba kamar tsofaffin da ke kilomita 36,000 ba, waɗanda jinkirinsu kan kai milisakan 600. Tana aiki har a ƙauyen da babu ƙarfen sabis. Sai dai kayanta da kuɗin watanta sun fi ƙarfin aljihun yawancin matasa, tana son sarari ba bishiya ko bene a kanta, ruwan sama mai ƙarfi yana iya taɓa ta, tana kuma shan wuta fiye da rawuta.

Kafin a biya

Gwaji ya fi jin labari. A ari layin kamfanin da ake so, ko a sayi 'yar ƙaramar data, a gwada a ainihin ɗakin da za a riƙa amfani da shi. Manhajar Speedtest kyauta ce, tana nuna gudun saukewa da na ɗorawa da fing. A gwada da safe, a gwada da ƙarfe tara na dare, kwana uku a jere. Sakamakon dare shi ne gaskiyar layin. Ɗan gem ya buɗe gem ɗinsa ya ga lambar da yake nunawa, domin ita ce tasa. Wanda kuma ke ɗora nasa bidiyon a YouTube ko TikTok, ya sa ido a kan gudun ɗorawa, wanda talla ba ta cika ambata ba.

Kada a fara da biyan wata uku ko shekara don an ga ragi. A yi wata ɗaya tukuna. A kuma sa kuɗin wuta a lissafi, domin in an ɗauke wuta rawuta ta mutu, wasan da ake ci biyu da nema ya tafi. Ƙaramin batirin rawuta ko fawa banki yana maganin wannan.

In an kawo ta gida, a ajiye ta kusa da taga, a sama, ba a bayan talabijin ko cikin kabad ba. PlayStation ko kwamfuta a jona su da waya kai tsaye, ya fi Wi-Fi tsayuwa nesa ba kusa ba. A lura kuma, wani Wi-Fi da ke fitowa da "5G" a ƙarshen sunansa ba 5G ɗin kamfanin waya ba ne, zango ne na rawutar mai gudu amma ba ya ratsa bango sosai. Manyan saukewa a bar su sai tsakar dare, domin in Yaya na sauke fim goma a ɗaki, ƙaninsa da ke gem a falo shi zai sha wuya.

Yana da kyau a ajiye layin wani kamfani daban a waya don ko-ta-kwana. Ba a manta da ranar 14 ga Maris, 2024 ba, lokacin da wayoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta rikice a Nijeriya da maƙwabta. In kuwa kamfani ya ci kuɗi bai ba da abin da ya yi alkawari ba, a fara kai ƙara wurinsa, in ya yi burus a kira NCC a 622, kyauta ne.

Magana ta ƙarshe ta shafi industiri. Wanda ya iya biyan kuɗin intanet duk wata, ya daure ya kalli fim a tashar masu shi ko a manhajar da suka sa shi. Kallon da aka yi a can ne ke shiga aljihun furodusa har ya iya biyan 'yan wasa a ɗauki kashi na gaba. Wanda aka sauke daga tashar ɓarayin zaune kuwa, kamfanin waya ne kaɗai ya ci riba.

A fitowa ta gaba, filin zai duba yadda ake gane memori na jabu kafin ya cinye wa mutum finafinansa.