Ku Daina Rufe Fitilar Taya Da Salatif

Jiya a nan Agege wani ɗan uwa direba ya ɗauke ni a Camry ɗinsa tokumbo, sai na ga ya manna baƙin salatif a kan fitilar iskar taya. Wai makanike ya ce masa "sensa ce ta haukace, manta da ita". Haba jama'a!

Fitilar nan ba ado ba ce. Bayan haɗurran tayoyin Firestone a motocin Ford Explorer, Amurka ta yi doka a 2000, daga 2007 kuma kowace sabuwar ƙaramar mota a can sai da ita. Motocin da muke saya ke nan.

In ta kama ta tsaya cak, iska ce ta ragu, a auna tayoyin duka da safe kafin su yi zafi. In ta yi ta ƙiftawa kamar minti ɗaya kafin ta tsaya, to sensar ce. Batirinta yana cikin tayar, shekara 5 zuwa 10 yake yi, motar 2010 kuwa ta wuce nan tuni. Wani lokaci mai faci ne ya fasa ta da ƙarfensa ya yi gum.

Shi kuma mai facin, lambar jikin taya yake bi ya ɗura maka 45, alhali ma'aunin gaskiya na manne a bakin ƙofar direba. A Ladipo akwai sensa. Amma ɗan uwana da salatif zai hau hanyar Ibadan ranar Asabar, da iyalinsa a baya.