An san mai kaya, ba a san direba ba

Abin da ya ɓata mini rai a wannan makon shi ne hoton wani bawan Allah da ke ta yawo a WhatsApp, kwance a gadon asibiti bai san inda kansa yake ba, an rubuta a ƙasa: direban tirela ne, an tsince shi a hanyar Mokwa zuwa Jebba, duk wanda ya san shi ya sanar da iyalinsa. Irin wannan cigiya ta zama ruwan dare. Motar tana da lamba gaba da baya, kayan da ta ɗauko suna da takarda mai sunan wanda ya yi lodi da wanda zai karɓa, buhunan ma an ƙirga su. Mutumin da ya ɗauko su tun daga Apapa shi ne ba a san sunansa ba, ba a san gidansu ba.

Za a ce ai yana da waya. Wayar a kulle take, sai da yatsansa ko lambar sirri, in ma ba ta tarwatse ba ko wani marar tsoron Allah bai zare ta ba. In an yi sa'a ta buɗu, duba sunayen da ke ciki: Oga, Oga 2, Mai Taya Ogere, Kamasho, Tafa, Gida Sabo. Ma'aikacin jinya Bayarabe ko jami'in kiyaye haɗurra ɗan Ibo wa zai kira a nan? Matar da ta haifa masa 'ya'ya, saboda kunya ko alkunya, an ajiye lambarta da harafi ɗaya. Lasisin tuƙi kuwa, wanda tun wajen cike takardarsa ake tambayar rukunin jini da lambar makusanci, sau da yawa ɗan hanya ne ya cike wa mutum, ya zuba abin da ya ga dama, layin da aka rubuta kuma an yar da shi tuntuni.

Maganin abin bai kai kuɗin kwanon abinci a Mararrabar Jos ba. Kati ne ƙarami, a liƙe shi da leda, ɗaya a aljihun gaba, ɗaya a manne cikin kan mota inda ido zai faɗa. Cikakken suna da gari da unguwa, lambobin mutum biyu da suke ɗaga waya ko da tsakar dare, lambar mai mota da ta reshen ƙungiya, da Hausa da Turanci, da Faransanci ga masu bin Kwatano zuwa Gaya da Maraɗi. Sai ciwon da mutum yake fama da shi da maganin da yake sha, da wanda jikinsa ba ya karɓa, irin su fenisilin. Wannan ya fi rukunin jini ma muhimmanci, domin a asibiti sai an gwada kafin a yi ƙarin jini. Mai ciwon suga da ya sha magani bai ci abinci ba yana iya yanke jiki ya faɗi yana gumi yana sambatu, jama'a su ce ƙwaya ce ta bugar da shi su watse, alhali layi ɗaya a kati zai sa a gane.

Amma ka kawo wa direba wannan magana a tasha ka ji amsa. “Haba malam, mugun fata kake mini? Allah ne ke tsarewa.” Wannan amsa ita ce ke ƙona mini rai fiye da komai. Wa ya ce ba Allah ke tsarewa ba? Mutumin nan ba ya barin gareji ba tare da safaya da jak da wayar ja ba, bai taɓa cewa safaya tana kiran faci ba. Zai biya fenta ya cika bodi da zanen zaki da dawisu da addu'o'i, ya rataya carbi da laya a madubi, amma rubuta sunan ƙaninsa a takarda ya zama kiran mutuwa. Kowa ya san abin da Annabi (SAW) ya gaya wa mai raƙumi, cewa ya ɗaure shi sannan ya dogara. Addinin da ya kwaɗaitar da rubuta wasiyya tun mutum yana da lafiya bai hana kati ba. Kuma su wa ke shan wahalar wannan taurin kai? A mazhabar Malikiyya, matar wanda ya ɓata ba a san rai ko mutuwa ba, in ta kai ƙara, shekara 4 ake ɗibar mata ta jira, sannan ta yi takaba. Ita ba mai miji ba, ba bazawara ba, gado a tsaye, bashi ba a san na wa ba, shi kuwa wataƙila an binne shi a wani gari ba wanda ya san ko Musulmi ne da za a yi masa salla.

Masu motoci ma ban bar su ba. Akwai wanda in aka bugo masa an yi haɗari, tambayarsa ta farko ita ce, “Kayan fa?” Bai san sunan mahaifin yaron motarsa ba, balle mutanen da ake jibgewa a saman tirelar shanu daga Potiskum zuwa Legas, ba a rubuta ko mutum ɗaya ba, alhali a tashar ƙananan motoci fasinja yana rubuta sunansa da lambar ɗan'uwansa kafin a tashi. Ga kuma 'yan kallo masu ɗaga waya suna ɗaukar mutum cikin jini, babu mai buga 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra, ko 112, waɗanda duk kyauta ne. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai neman agajin gaggawa, amma wanda ba shi da kowa a gefen gado, wa zai tsaya masa a sayo magani?

Shugabannin NURTW da NARTO da reshen direbobin tanka na NUPENG, kuna karɓar kuɗin ƙungiya a kowane lodi, kuna da littafin rasit da masu tsaron ƙofa. Ku buga katin nan da kuɗin da kuke karɓa, ku ajiye kwafi a ofis, kamasho ya duba na direba da na yaransa, wanda ba shi da shi kada a ɗaga masa sandar fita.